Matsakaicin Maki Ba Ya Faɗa Mana Halin da Aji Yake Ciki

A ƙarshen kowane zangon karatu aikinmu iri ɗaya ne, daga Wurno zuwa Rabah har Goronyo. Malami zai zauna a gindin dogon-yaro bayan an tashi, ko kan tabarma da daddare da 'yar cocila, ya haɗa makin gwaje-gwajen cikin zango da na jarrabawa, ya raba, ya fitar da matsakaicin maki, sannan ya jera yara daga na ɗaya zuwa na ƙarshe. Hedimasta ya sa hannu, a raba katin sakamako, a ɗaure babbar takardar maki da zare a jefa cikin kabad. Wahalar kwana uku ko huɗu ke nan. Amma idan aka tambayi ɗayanmu abin da ya gano game da ajinsa bayan duk wannan lissafi, amsar ba ta wuce jimla guda, ko dai "sun yi ƙoƙari," ko kuwa "ajin nan sai addu'a."

Muna ganin lokaci ya yi da za mu ƙara wa wannan aiki minti talatin domin mu ci moriyar kwana huɗun. Kiran da muke yi shi ne kowane malami ya zuba makin ajinsa cikin jadawalin ƙididdiga, ya kuma zana shi da ginshiƙai, zanen nan da masana lissafi ke kira histogiram. Ba baƙon abu ba ne a gare mu. Duk wanda ya bi ta kwalejin ilimi, ta Shehu Shagari a Sakkwato ko wata, ya yi darasin aunawa da kimantawa, ya zana wannan hoton don ya haye jarrabawa, daga nan ya baro shi can tare da tsohuwar katifarsa ta makaranta. Mu ne kuma muke koya wa 'yan manyan azuzuwa ƙirga da sanda-sanda da zanen ginshiƙai, da misalin lemo da mangwaro. Ba mu dai taɓa ɗora aikinmu a kan wannan ma'auni ba.

Mu ɗauki misali, ba na wata makaranta ba, na lissafi kawai. Azuzuwa biyu ne, kowanne da yara 60, an ba su jarrabawar lissafi iri ɗaya bisa maki 100. Da aka haɗa aka raba, kowane aji ya tashi da matsakaicin maki kusan 45. A takardar da za ta je ofishin ilimi na ƙaramar hukuma, azuzuwan nan tagwaye ne, kuma duk mai duba makarantu da ya gani zai rubuta musu shawara ɗaya, wato a ƙara himma.

To, sai mu raba makin gida-gida, goma-goma. A aji na farko, yara 3 ne suka ci tsakanin 20 da 29, yara 14 tsakanin 30 da 39, yara 25 tsakanin 40 da 49, wasu 14 tsakanin 50 da 59, sai 4 tsakanin 60 da 69. Babu wanda ya faɗi ƙasa da 20, babu wanda ya kai 70. Idan aka zana shi, tudu guda ne a tsakiya mai gangara dama da hagu. Wannan aji tafiya ɗaya yake yi, sannu a hankali, kuma malami zai iya tsayawa gaban allo ya yi magana da kusan kowa a lokaci guda.

Aji na biyu kuwa ga yadda yake. Yara 9 sun ci ƙasa da 10, yara 13 tsakanin 10 da 19, yara 6 tsakanin 20 da 29. Daga nan sai fili: 2 a gidan talatin, 1 a gidan arba'in, 2 a gidan hamsin. Sannan ginshiƙai su sake miƙewa, 5 a gidan sittin, 10 a gidan saba'in, 9 a gidan tamanin, 3 daga 90 zuwa sama. Tudu biyu ne da kwari a tsakaninsu. Makin nan 45 da aka ce shi ne matsakaicin aji, yaro ɗaya tak ne yake zaune a gidansa. Yara 22 ba su kai maki 20 ba, yara 22 kuma sun kai 70 ko sun haura. Azuzuwa biyu ne ke nan a cikin ɗaki ɗaya. Malamin da ya shirya darasinsa don yaro mai maki 45 ya shirya shi ne don wanda babu shi: na sama suna hamma saboda sun riga sun sani, na ƙasa suna kallon taga saboda an wuce su tun aji biyu. Mutumin da aka gaya wa cewa matsakaicin zurfin Gulbin Rima iya gwiwa ne, ya naɗe wando ya shiga, ba zai dawo ya ba da labari ba.

Manomanmu sun riga mu gane wannan. Dillalin albasa a Wurno ko Goronyo ba ya tambayar matsakaicin girman albasar da ke gabansa. Ana ware ta ne tsibi-tsibi, manya gefe, matsakaita gefe, ƙanana gefe, da kallo ɗaya ya san wane tsibi ya fi tudu, ya san kuɗin da zai taya. Histogiram tsibin albasa ne a kan takarda.

Yadda ake yinsa bai kai wahalar jera yara daga na ɗaya zuwa na sittin ba. A ja layi goma a littafin lissafi mai gida-gida, a rubuta 0 zuwa 9, 10 zuwa 19, haka har 90 zuwa 100. A bi rajistar maki daga sama, kowane yaro a ja masa sanda ɗaya a gidan da makinsa ya faɗa, ta biyar a gicciya ta kan huɗun, kamar yadda ake yi wa mai ga-ruwa lissafi da gawayi a bangon zaure. A ƙirga sandunan kowane gida a rubuta adadin. A haɗa duka, idan bai yi daidai da yawan waɗanda suka zauna jarrabawa ba, an tsallake wani, sai a koma. Jadawali ya kammala ke nan. Zanen kuwa, a shimfiɗa gidajen maki a layin ƙasa, yawan yara a layin tsaye, a tayar da ginshiƙi a kan kowane gida daidai da adadinsa. Ginshiƙan su manne da juna, domin maki a jere yake, inda gidan talatin ya ƙare nan na arba'in ya fara. Faɗin gidajen kuma ya zama ɗaya. Wanda ya yi wani gida mai faɗin maki biyar, wani mai faɗin ashirin, idonsa zai yaudare shi, ginshiƙi mai faɗi ya yi kamar yana da yara fiye da yadda yake da su. Idan gwajin bisa maki 20 ne, a raba shi huɗu-huɗu ko biyar-biyar. Gidaje uku sun yi kaɗan, komai zai dunƙule, ashirin kuma sun yi yawa, komai zai warwatse.

Abu ɗaya muke roƙo a kiyaye, yaron da bai zo jarrabawa ba kada a ba shi sifiri a zuba shi a gidan farko. A rubuta adadin waɗanda ba su zo ba a gefe, daban. Yaron da ya zauna bai iya amsa komai ba da yaron da aka tura gona ko talla ranar jarrabawa ciwonsu ba ɗaya ba ne, maganinsu ma ba ɗaya ba. Na farko aikinmu ne a cikin aji. Na biyu sai an je ƙofar gida, an haɗa da mai unguwa da liman da kwamitin gudanar da makaranta.

A yankinmu wannan bambanci ba ƙarami ba ne. Zangon farko yana faɗawa cikin kaka, na biyu cikin noman rani, lokacin da fadamun Rima da filayen ban-ruwa na Wurno da na madatsar Goronyo ke buƙatar kowane hannu don albasa da tafarnuwa da shinkafa. Waɗanda suka koyar a 2010 ba su manta ambaliyar Satumba ba, da yadda azuzuwa suka zama masaukin waɗanda ruwa ya kora. Tun harin da aka kai Tabanni a ƙasar Rabah cikin Yulin 2018, wanda ya koro jama'a zuwa Gandi, makarantun garuruwan da ke da ɗan kwanciyar hankali suke karɓar yaran da rashin tsaro ya raba da ƙauyukansu, wasu sun yi shekara ko fiye ba su riƙe fensir ba, an kuma zaunar da su a ajin da shekarunsu suka nuna. Idan malami ya ga tudu biyu a zanensa, ya koma rajistar halarta ya duba su wane ne a tudun ƙasa. Sau da yawa zai tarar sunayen da ke can su ne masu yawan fashi, ko waɗanda suka shigo a tsakiyar shekara. Idan ya yi zanen mata daban, na maza daban, wani lokaci zai ga abin da zanen haɗaka ya rufe, musamman daga aji huɗu zuwa sama, inda 'yan mata ke fara raguwa a benci.

Akwai kuma abin da zanen zai tona mana game da mu kanmu, kuma gara mu faɗe shi da bakinmu. Idan makin haye jarrabawa 40 ne, sai aka ga gidan talatin kusan fayau, gidan arba'in ya yi tsiri kamar hasumiya, to ba yara ne suka yi wannan ba, alƙalaminmu ne. Mun san yadda abin yake faruwa. Yaro ya ci 36, mahaifinsa maƙwabci ne, ko kuwa ba ma son a ce ajinmu ya zube, sai a ce a ɗan taimaka masa ya haye. Da niyyar tausayi ake yi, amma yaron nan zai tafi aji na gaba da takardar da ta ce ya iya abin da bai iya ba, malamin da ya karɓe shi ya gina a kan rami, shi ma ya ɗan taimaka masa, har ranar da zai zauna jarrabawar shiga sakandare inda babu maƙwabci. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Haka nan idan kusan duk aji ya taru daga 80 zuwa sama, kafin mu yi murna mu sake karanta tambayoyinmu, wataƙila abin da muka rubuta a allo jiya ne muka ce su maido mana. Idan kowa ya taru a ƙasa, har yaran da muka san suna da kai, ko dai tambayoyin sun fi ƙarfin abin da aka koyar, ko Turancin da aka rubuta su da shi ne ya kayar da yara kafin su kai ga lissafin.

Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 ta kawo tsarin gwajin cikin zango ne domin malami ya riƙa ganin inda yaro yake tun da sauran lokaci, ya gyara koyarwarsa. Mu muka mayar da shi ginshiƙin lambobi da ake cikawa daren da za a miƙa takarda. Kuma mun ga irin abin da ƙirga ta gaskiya ke fitarwa. Lokacin da aka yi gwajin karatun ƙananan azuzuwa a jihohin Sakkwato da Bauchi da tallafin hukumar raya ƙasashe ta Amurka, abin da ya girgiza mahukunta shi ne ginshiƙin farko, wato yawan yaran da ba su iya karanta ko kalma ɗaya ta Hausa ba bayan sun yi shekara biyu ko uku a makaranta. Yaran nan duk suna da katin sakamako, wani ma an rubuta masa na biyar ko na goma a aji. Bayan irin waɗannan gwaje-gwaje ne littattafan Mu Karanta suka shigo azuzuwanmu, a 2015 kuma gwamnatin jiha ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi. A Indiya, ƙungiyar Pratham ta gina tsarinta a kan wannan tunani: a gwada yara, a raba su bisa matakin da suke a zahiri, mai harafi da masu harafi, mai kalma da masu kalma, a koyar da su na sa'a ɗaya ko biyu a haka ba tare da duba ajin da aka rubuta su ba. An gwada tsarin a Borno da wasu jihohin Arewa. Malamin da ke da tudu biyu a zanensa ba sai ya jira wani shiri ya zo daga waje ba. Zai iya ware rabin sa'a kullum ya zauna da tudun ƙasa a kan haruffa da lambobi, ya ba na sama aikin da za su yi da kansu, ko ya sa su riƙa jan na ƙasa bibbiyu.

Ba mu manta da fargabar da wasu 'yan'uwa za su nuna ba, kuma fargaba ce mai tushe. Za a ce mu da hannunmu za mu zana sandar da za a doke mu da ita. Wanda ya nuna cewa yara 22 a ajinsa ba su kai maki 20 ba, gobe a kira shi rago, a hana shi ƙarin girma, ko a cilla shi ƙauyen da babu mai son zuwa, alhali maƙwabcinsa da ya gyara maki yana shan yabo. Matsayin da muke ganin ya kamata reshe ya tsaya a kai shi ne, ba za a karanta zanen kowane aji ba sai tare da abu uku a jikinsa: yawan yaran da ke rajista, yawan kwanakin da aka yi karatu da halartar yara, da kuma zanen ajin nan na zangon da ya gabata. Manufar Ilimi ta ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare. Wanda aka ba ninki biyu ko uku na wannan adadi, a ɗakin da babu benci, ba a auna shi da mudun wanda ke da talatin. Kuma abin da ke nuna aikin malami shi ne motsin ginshiƙai. Wanda ya karɓi aji da yara 22 a ƙasa da maki 20, ya miƙa shi da 10, ya yi aikin da matsakaicin maki ba zai taɓa nunawa sosai ba, ko da babu ɗalibinsa ɗaya da ya ci 90.

Idan aka duba da kyau ma, zanen makami ne a hannunmu. Shekara da shekaru muna zuwa gaban Sakataren Ilimi da Hukumar Ilimin Bai-Ɗaya ta jiha muna cewa aji ya yi cunkoso, littattafai ba su isa ba, ana buƙatar ƙarin malamai, ana amsa mana da cewa kowa haka yake faɗi. Maganar baki ana iya musunta ta. Takarda goma daga makarantu goma, kowacce da tudunta na ƙasa, kowacce da adadin yara a rubuce, ta fi wuyar turewa. A 1858 Florence Nightingale da zane ta nuna wa hukumomin Ingila cewa cuta ta fi raunin fagen fama kashe sojojinsu a yaƙin Kirimiya. Lambobin suna cikin rajistocin asibiti tun da farko, ba a kula ba sai da aka mayar da su abin da ido zai gani. Gani ya kori ji.

Ga iyaye kuma, da matanmu da mazajenmu da ke karanta wannan takarda a gida, muna da magana. Tambayar da aka saba yi wa yaro ranar hutu ita ce na nawa ya zo. Na ɗaya a ajin da kowa ya zube yana iya zama mai maki 38, na talatin a aji mai ƙarfi yana iya zama mai 65, sai a yanka wa na farko kaza a zane na biyu. Jerin matsayi yana faɗin wanda ya fi wani ne kawai, ba ya faɗin ko yaro ya iya karatu. Kuma mun san abin da kiran sunan na ƙarshe a gaban taron makaranta ke yi wa zuciyar yaro, musamman yarinyar da dama ana neman dalilin cire ta. Histogiram ba shi da suna a jikinsa. Ana iya manna shi a bangon aji, ana iya ɗaga shi a taron iyaye da malamai, kowa ya ga halin da ajin yake ciki ba tare da an kunyata ɗan kowa ba. Uban da yake son sanin gidan da ɗansa ya faɗa sai ya zo ya zauna da malami su biyu, a nuna masa, a gaya masa abin da zai iya yi a gida, ko da sauraron yaron ne yana karanta shafi ɗaya bayan sallar Isha.

Ba mu ce zanen zai koyar da kowa karatu ba, ba zai kuma biya bashin ƙarin girma ko ya toshe rufin da ke yoyo ba. Maki ma kansa ba ya kama komai, akwai yaro mai hannu a sana'a ko mai ƙwaƙwalwar hadda da jarrabawarmu ba ta ganinsa. Amma tunda dole mu ba da maki, kuma muna kashe dararenmu a kansa, bai dace mu tsaya a lamba ɗaya da ke rufe fiye da abin da take buɗewa ba.

Saboda haka muna roƙon kowane malami ya zaɓi darasi ɗaya a wannan zango, Hausa ko lissafi, ya yi jadawalin da zanen da makin gaskiya, kafin a taimaka wa kowa. Kada ya rubuta sunansa ko na makarantarsa idan bai so ba, ya rubuta dai aji, da yawan yara a rajista, da yawan waɗanda suka zauna, da waɗanda ba su zo ba. Wanda hannunsa ya yi sanyi a kan zanen ya nemi malamin lissafi na kusa da shi, ko ya kawo makin a haka a zana tare. Wakilan makarantu su tattaro takardun su zo da su taron reshe mai zuwa, za mu shimfiɗa su a kan tebur aji-aji, na Wurno da na Rabah da na Goronyo, mu fara da aji uku.